Sama ta Yau Ce

Asabar, da hantsi

Shamsu ya iso daga Damagaram da kayan a bayan mota, naɗe cikin bargo kamar jinjiri: babbar ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, da sandar tuƙi, da abin da muka daɗe muna jira, wato kask, tabaran nan mai kama da kwalin sukari da ake ɗaurawa a fuska. Zai tafi Lome sauke kayan Alhajinsu. Ya ce gara su zauna a shagona na wasannin bidiyo da ya bar wa ƙannensa su yi musu kaca-kaca.

Wasan tuƙin jirgin nan tun muna makarantar lise muke yinsa, ni da shi, a kan allo. Sai yanzu masu shi suka yi masa gyara ya karɓi kask. Abin sai wanda ya gani. Ina ɗaura shi shagon ya ɓace, da benci, da samarin da ke ihu a kan wasan ƙwallo. Sai ga ni cikin ɗan ƙaramin jirgi, fiffike a dama, fiffike a hagu. Na duba ƙasa, ba ni da ƙafafu. Na miƙa hannu zan dafa ƙofa, na tunkuɗe shayin Shamsu a kan wandonsa. Ya ce dama ya san matuƙin Matamaye da ɓarna zai fara.

Na tashi daga filin Damagaram, na bi kwalta, na wuce Kance, na zo na kewaya garinmu. Ga tasha, ga kasuwa, ga hanyar Yauri. Gidajen dai ƙarya ne. An ba mu jan rufi mai tsini kamar a ƙasar Turawa, har gidanmu na ƙasa ya samu bene. Shamsu ya ce ƙasan hotuna ne da tauraron ɗan'adam ya ɗauka shekarun baya, gidajen kuma na'ura ce ta ƙirƙira. Amma gajimare da iska da ruwa, waɗannan daga rezo, wato intanet, wasan yake janyo su, yadda suke a wurin a wannan ranar.

"Sama ta yau ce," in ji shi. "Ƙasa kuwa ta bara waccan."

Littafin nan na saye shi ne don in riƙa rubuta tafiye-tafiyen jirgina, kamar yadda matuƙa na gaske suke yi. To ga ta farko.

Inna ba ta taɓa tuwon jiya ba. Matata Sadiyya ta ɗumama mata da safe, ta dawo da kwanon yadda ta kai shi.

Lahadi, bayan azahar

Na kira lambar Yaya Baiwa. Matar kamfanin nan mai cewa lambar ba ta shiga ce ta amsa, kamar kullum.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Yayata Baiwa ta bi matan da ke tafiya arewa neman aiki, ita da Shekara maƙwabciyarmu. Na hana. Ta ce tun da mijinta ya rasu take zaune ƙaninta yana ci da ita, ya isa haka. Kiranta na ƙarshe daga Arlit ne. Ta ce mota ta cika, ta wajen Asamaka za su bi, in gaida Inna. Masu zuwa suna cewa hanyar kwana biyu ce. An yi kwana biyun, an yi waɗansu.

Inna ba ta tambaya. Baiwa 'yar farinta ce, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan a bakinta ba. "Yarinyar nan" take cewa, in ta matsu ta ce "yayarka". Ranar tafiyar ma ba ta fito rakiya ba, tana ɗaki tana tsince wake. In na shigo gida sai ta dubi aljihun da nake sa waya, ta dubi fuskata, ta ce, "Kasuwa ta yi?" Ni kuma in ce ta yi.

Talata, bayan la'asar

Yau na yi dariya, abin da na daɗe ban yi ba. Ina shawagi a kan gari, samari sun yi cincirindo a bayana, don duk abin da mai kask yake gani yana fitowa a allo. Sai hadari ya haɗo a cikin wasan daga gabas, ɗigo ya fara sauka a gilashin jirgin. Ban ankara ba na ji kwanon shago ya ɗauka. Ruwa a ciki, ruwa a waje. Salim mai shayi ya yar da rariyarsa ya fita cikin ruwan yana shela wai na'urar Imrana, ni ke nan, tana ganin duniya kai tsaye.

Na ce musu ba haka ba ne. Wa zai ji? Mutane sun ga abin mamaki, kai kana kawo bayani.

A gida na tarar shanyar Sadiyya ta jiƙe sharkaf. Da Yaya tana nan da ba a yi haka ba. Ita ke jin ƙamshin ruwa tun sama tana tas. Sai ta tashi ta hau kwashe shanya, mu yi ta yi mata dariya, kafin mu rufe baki ya sauko.

Laraba, da safe

Yau ban kira ba.

Ƙarya nake, na kira.

Alhamis, da azahar

Dariyar Talata ta koma ciki. Shelar Salim ta kai ƙauyuka. Na fito buɗe shago na tarar da mata zaune a inuwar bango, wasu tun daga Tsauni a ƙafa. Kowacce da sunan da ta riƙo: 'yarta, ƙanwarta, surukarta da jikoki. Wata tsohuwa ta ajiye mini ƙwan zabi a ƙwarya.

"Ɗan nan," ta ce, "ka hau ka dubo mini Hanifa. Doguwa ce, tana da wushirya."

Na shigar da su, na yi musu bayani dalla-dalla. Hoto ne, tsoho ne, ba mutum ko ɗaya a ciki. Na nuna musu tasharmu a allo, fayau, ba mota ba mai tallar ƙosai, alhali ga hayaniyarta muna ji ta ƙofa. Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To, Allah ya sa haka shi ne alheri." Ta tashi ta bar ƙwan. Na bi ta da shi har bakin titi, ta ƙi karɓa.

Haushi ya kama ni, na Salim, na Shamsu da ya kawo jidali ya gudu Lome, da na kaina. Na rufe shago da wuri.

Juma'a, bayan an sauko

Inna ta zo shago.

Tun da na buɗe shi ba ta taɓa takowa ba. A wurinta majalisar marasa aikin yi ce. Samari suna ganinta suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ta zauna a bakin benci ta ce, "An ce kana da jirgi."

"Wasa ne, Inna."

"Na ji. An ce in ana ruwa a gari, a cikinsa ma ana yi."

"E, wannan kam gaskiya ne. Sama ta yau ce, ko ina ne a duniya. Amma…"

"To ɗora mini."

Ragowar maganar tana bakina. Jiya na faɗa wa matan mutane ita ba ko gargada. Yau na dubi hannun Inna, yadda awarwaro ya zame ya kusa gwiwar hannu, sai na haɗiye.

Na ɗaura mata a kan kallabi. Ta riƙe benci da hannu biyu tana ta salati. Da jirgin ya ɗaga ta ce, "Kai Imrana, a hankali! Ba kabu-kabu kake ja ba."

Na bi da ita ta kan gonarmu ta hanyar Yauri. Ta sunkuya ta duba, ta daɗe. Gabana ya faɗi. A zahiri gero ya kai ƙirjin mutum yanzu, a ciki kuwa jar ƙasa ce tsirara da itatuwan gawo kore shar. Amma idon Inna ya yi rauni, ko zare ni nake zura mata a allura. Na san ba ta lura ba.

Can ta ce, "Akwai wani gari wai shi Asamaka. Jirgin naka yana zuwa?"

Na ce yana zuwa.

Na tashi daga Arlit, na yi arewa maso yamma. Ba komai sai rairayi da rana. Muka yi ta tafiya har na ɗauka barci ya kwashe ta. Da na cire mata, ta share fuska da bakin mayafi ta ce, "Da zafi can."

A gida ta sha kunu rabin kofi. Sadiyya ta dube ni, na kau da kai.

Asabar, bayan la'asar

Ta dawo. Arlit zuwa Asamaka. Sama tas. Da magariba ta ci tuwo loma kaɗan.

Litinin, da magariba

Sadiyya ta tare ni a bakin murhu.

"Baban Mansura, ka gaya wa matan Tsauni gaskiya, ka bar mahaifiyarka cikin duhu."

"Tana cin abinci."

"Tana ci. Ranar da ta gane fa?"

"Ranar ta zo tukuna."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Na ce ban yi ƙarya ba, magana ce ban ƙarasa ba. Ta ce in je in gaya wa liman haka, in ji sunan da zai ba ta. Sadiyya in ta ɗauko gaskiya ba ta iya sa mata sukari. Na fita ban ci komai ba. Gidan nan kullum sai an samu mai ƙin tuwo, in ba Inna ba ni.

Abin da ban gaya wa Sadiyya ba shi ne tsoro nake ji. Likita ya ce jinin Inna ba ya son faɗuwar gaba, ba ya son yunwa. Yanzu tana tashi da safe da wurin zuwa. In na cire mata wannan, ban san me zan ba ta a madadinsa ba.

Laraba, da hantsi

Saukata ta gyaru. Da can in na zo sauka sai jirgin ya yi ta tsalle kamar akuya, yanzu na gane da kask ido yana auna nisan ƙasa da kansa, ba sai ka yi ta kallon agoguna ba. Ka leƙa ta taga, ka ga inuwarka tana tasowa ta tarye ka, ka ɗan ja sanda, shi ke nan. Sai dai in na daɗe a ciki zuciyata tana tashi. Shamsu ya ce kowa haka yake da farko, jiki yana zaune ido yana tafiya, ciki ya rasa wanda zai bi.

Inna kuwa ko a jikinta. Ta daina riƙe benci. Tana zuwa bayan la'asar, Salim ya kore samari, wai shi ne dogarin filin jirgi, don ya san shi ya ja mini wannan. Tana cire takalmi kafin ta zauna, kamar za ta shiga ɗakin mutane. Ta ce ƙarar jirgin tamkar injin niƙa na bakin kasuwa, sai dai shi ba a samun gari.

Abu ɗaya: ba ta iya riƙe kai daidai ba. Kullum sai ta ɗaga shi sama, a allo ba na ganin komai sai shuɗi. Na ɗauka maɗaurin baya ne yake ja mata, na sassauta. Ba ta canja ba.

Jiya ta ce, "Mene ne wancan fari-farin?"

"Gajimare ne, Inna, sirara."

"Na ruwa?"

"A'a."

Ta ce, "Uhm."

Alhamis, bayan la'asar

Kunyar rubuta wannan nake ji. Muna kusa da Asamaka, Inna ta ɗan sunkuya gyara zama, sai na hango farar mota a allo tana tafiya a kan layin hanya. Na san wasan yana zuba motoci na ƙarya a kan hanyoyi don ado. Ni na gaya wa matan Tsauni hakan da bakina. Amma hannuna bai sani ba. Na tura sanda, na yi ƙasa, na bi motar nan, na kewaya ta, na sake kewayawa. Ba kowa a bayanta. Ko direba babu.

Inna ta ce, "Ɗaga ni sama, Imrana, kaina yana juyawa."

Na ɗaga ta. Da za ta tafi matan da ke sayar da gyaɗa a gefen shago suka ce, "Kande, kin hango ta?" Ta ce, "Na ga abin da na gani," ta wuce.

Asabar, da la'asar

Rezo ya ɗauke tun safe, garin duka. Inna ta zo, ta cire takalmi. Na ce mata yau ba rezo, amma ba komai, na ajiye hanyar a cikin ordinater, za mu iya tashi, sai dai in sa mana sama mai kyau da hannuna.

Ta tsaya. "Da hannunka?"

"E, in zaɓa. Rana ko gajimare, wanda kike so."

"Bar shi," ta ce. Ta mai da takalminta ta koma gida. Ba ta ci abincin dare ba.

Ban gane ba. Wataƙila gajiya ce.

Lahadi, da azahar

A tasha ana maganar wata mota da aka samu. Ban tsaya na ji ba.

Lahadi, da la'asar

Na koma na ji. Ba a san wacce ba ce. Ba a san ranar da ta tashi ba. Kowa da ruwayarsa, kowa daga bakin ɗan'uwan direba ya ji. Direban nan 'yan'uwa gare shi.

Rezo ya dawo. Arlit zuwa Asamaka. Sama tas.

Litinin

Sama tas.

Talata, da magariba

Muna tashi daga Arlit na ga jirgin yana rawa a hannuna. Iska. Ban kai rabin hanya ba sai ga shi daga gabas, baƙi ƙirin, ya tokare sama da ƙasa. Ban taɓa ganin hadari a wannan hanyar ba. Na so in kauce masa, don ɗan jirgin nan ba ya jure irinsa.

Inna ta kama gwiwata. "Shiga."

"Zai kayar da mu, Inna."

"Ba ka ce wasa ne ba? Shiga."

Na shiga. Rana ta ɓace. Rairayin ya yi duhu. Ruwa ya hau dukan gilashi, jirgin yana sama yana ƙasa, ni ina kokawa da sanda, ita kuwa kanta yana sama, bakinta yana motsi. Na ga ruwa yana gangarowa ta ƙarƙashin kask zuwa haɓarta. Na mai da idona kan allo. Mun daɗe a ciki, har na rasa inda nake, har jirgin ya yi ƙara ya daki ƙasa, allo ya yi baƙi.

Na cire mata. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta sake faɗa. Sai ta ce, "Kai dai ba ka iya tuƙi ba."

Yanzu haka tana tsakar gida, ta cinye tuwo tas ta ce a ƙaro miya. Mansura tana zaune a cinyarta. Sadiyya ta kawo miyar, ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba.

A nan Matamaye ko ɗigo ba a yi ba yau.

Alhamis, da safe

Shamsu ya bugo. Ya dawo daga Lome, jibi zai zo ya kwashi kayansa. Na ce to. Na ajiye waya na zauna ina kallon kask ɗin a kan tebur.

Ranar da Sadiyya ta faɗa ta zo.

Juma'a, bayan la'asar

Na shirya maganar tun a masallaci, har huɗubar ta wuce ni. Inna ta zo, ta cire takalmi, ta miƙo kai. Ban ɗauko kask ba. Na zauna a ƙasa a gabanta.

"Inna, gobe mai kayan zai zo ya ɗauka. Kuma akwai maganar da na fara ranar farko ban ƙarasa ba. Ƙasan da kike gani…"

"Tsohon hoto ne."

Na ɗago kai na dube ta.

"Gawo da ganye a tsakiyar damina?" ta ce. "Gonar da na shuka da hannuna, ba ko kara ɗaya? Imrana, ido ne ya tsufa, ba hankali ba. Har bene ka gina mini ban sani ba."

"Tun ranar farko?"

"Tun kan gona."

"To me kike zuwa kallo, Inna?"

Ta gyara mayafi. Ta dubi ƙofa, ba ta dube ni ba.

"Kai ka ce sama ta yau ce. Ko ita ma ƙarya ce?"

"A'a, wannan gaskiya ce. Wani lokaci tana ɗan makara, amma ta ranar ce."

"To shi ke nan. Mutanen da ke kan hanya, in rana ce a kansu in sani. In inuwa ce in sani. Kai ba ka da amsa, wayarka ba ta da amsa. Wannan kuwa ba sai na tambaye shi ba."

Sai na tuna kanta da ba ya sauka, da maɗaurin da na yi ta sassautawa, da ranar da ba rezo. Kuka ya zo mini. Ta bar ni na yi. Da na gama ta ce ƙato da ni, in share hanci in ɗora mata, la'asar tana wucewa.

Arlit zuwa Asamaka. Gajimare jefi-jefi. Ta ce ba laifi.

Da na ba Sadiyya labari ta ce, "Ashe mu biyu ne cikin duhun." Ta zuba mini tuwo, na ci.

Asabar, da azahar

Shamsu ya zo. Ya tarar da takalmin Inna a bakin ƙofa, ya ga wadda ke cikin kask, ya ja baya ya zauna wurin Salim. Salim ya ba shi labarin duka, da ƙari. Da Inna ta fito ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce mini bayan motarsa cike yake, ba wurin kaya, sai wani zuwan. Na leƙa bayan motar. Bargo ne kawai a ciki.

Litinin, da hantsi

Motocin da ke maido da mutane sun iso tasha.

Shekara ta dawo. Ita kaɗai.

Litinin, da la'asar

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Allah ya jiƙan Yaya. Allah ya jiƙan Yaya.

Talata

Mutane. Ban buɗe shago ba. Tsohuwar nan ta Tsauni mai ƙwan zabi ta zo gaisuwa. Na tambaye ta Hanifa, ta ce har yanzu.

Inna tana karɓar gaisuwa ido a bushe, kamar yadda ake so uwar 'yar fari ta yi. Ana cewa ta yi haƙuri, tana cewa haƙuri sai ma'aiki. Ruwa kawai ke shiga bakinta. Sadiyya ta kai kunu, ta kai fura, ta kai tuwo, duk sun dawo. Na je na karɓo maganin jininta, ta karɓa ta ajiye a ƙarƙashin tabarma.

Laraba, bayan la'asar

An yi sadakar uku da safe. Mutane sun ragu.

Shekara ta shigo dogare da bango. Leɓɓanta har yanzu a fashe suke, ta rame har ban gane ta ba ranar farko. Ni ta ba ni labarin tun Litinin: gidan da aka ajiye su kwana da kwanaki aka karɓe wayoyi, da motar da ta mutu a inda ba kowa, da direban da ya tafi neman taimako, da bidon ɗin ruwa na ƙarshe. Sauran ba zan rubuta ba. Amma gaban Inna ba ta iya zuwa ba sai yau, ita ma Inna ce ta aika a kira ta.

Ta zube a gabanta tana kuka. "Inna, ki yafe mini. Tare muka tafi, na dawo ban…"

"Tashi ki zauna, Shekara. Ba ke kika yi ba. Tambaya ɗaya zan yi miki."

Ina bakin ƙofa. Sadiyya tana bayana da ƙwarya a hannu.

"Talatar waccan," in ji Inna, "an yi hadari a kanku?"

Shekara ta ɗago kai. "Wa ya gaya miki?"

"An yi?"

"An yi, Inna. Ita ce ma ta fara faɗa. Tana kwance a ƙarƙashin mota, ba ta ko iya zama. Sama tas, ba komai. Sai ta ce mini, Shekara, ku warware tamfol, ruwa na zuwa. Muka ɗauka zafin jiki ne yake sa ta magana. Ta ce ku warware mana. Don dai kar ta yi ta wahalar da bakinta muka warware. Ba mu gama riƙe bakinsa ba sai ga shi."

"Daga gabas."

"Daga gabas, Inna."

"Baƙi ƙirin."

Shekara ta dube ni, ta dubi Inna. "Baƙi ƙirin. Mun cika bidon biyu. Duk wadda kika ga ta dawo, ruwan nan ne ya dawo da ita."

Inna ta gyara zama. Hannunta yana kan gwiwa, awarwaron ya zame.

"Ta sha?"

"Ta sha. Da hannuna na ba ta. Ta ce in fito da ita daga ƙarƙashin motar ya dake ta. Na fito da ita. Har dariya ta yi, ta ce dama ta gaya mana. Washegari da asuba ne…"

"Ya isa."

Inna ta ɗaga kai sama, yadda take yi a shago. Saman tsakar gidanmu ce kawai, da igiyar shanya. Ta daɗe a haka.

"Na gan shi," ta ce. "Ina ciki." Sai ta sauke kai, ta faɗa a hankali kamar mai ɗanɗana gishirin miya: "Baiwa ta sha."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Sadiyya ta toshe baki da bakin zane. Shekara ta daina kuka.

Inna ta miƙa hannu wajen Sadiyya. "Mene ne a ƙwaryar?"

"Fura ce, Inna."

"Kawo. Ki ɗauko ludayi biyu, yarinyar nan ma ba ta ci komai ba."